Alƙiblar Falo

Auta tana neman ɗaya ƙafar takalminta a bakin ƙofar falo ne idonta ya faɗa kan dardumomin. Guda biyu ne a shimfiɗe, ƙafafunsu kusa da juna, kawunansu kuwa sun rabu kamar almakashin da aka buɗe aka manta. Koriyar, ta Baffa, tana kallon bango sak, yadda ta saba tun Auta tana rarrafe. Ruwan tokar, ta Baba, ta karkata hagu sosai, tana fuskantar kusurwar da firji yake.

Jiya da yamma ta dawo daga aikin awon filaye da ofishinsu ya tura ta, bayan ta yi makonni ba ta gida, gajiya kuma ba ta bar ta ta lura da komai ba. Ta sunkuya za ta daidaita ta Baba, sai muryar Mama ta fito daga kicin.

"Kar ki taɓa. In kina son ki karya kumallo lafiya, bar su yadda kika gan su."

Auta ta bi muryar. Mama tana tace shayi, ta yi mata nuni da ido ta turo ƙofa.

"Iyayenki ne," in ji Mama. "Tsufa ya zo musu da sabon salo."

Baba malamin kimiyya ne da ya yi ritaya daga sakandare. Ɗalibansa sun laƙaba masa A-Gwada, don ko cewa aka yi ruwa ya tafasa sai ya ce a gwada a gani. Baffa yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon ladanin masallacin unguwa, wanda gwiwoyi suka sauke daga aiki. Tun rasuwar matarsa yake zaune a ɗakin da ke jikin falo. Da tafiya masallaci ta gagare shi, Baba ya ce ba zai bar Yaya ya yi salla shi kaɗai ba, suka riƙa yin jam'insu a falo, Baffa liman, Baba a damansa. In sun idar su zauna su yi musu a kan komai, daga dalilin tsawa har zuwa ko kaza tana mafarki. Musun nan shi ne rediyon gidan.

"Tsofaffin ɗalibansa ne suka kawo masa sabuwar waya," in ji Mama. "A ciki akwai wata kibiya mai nuna alƙibla. Ya gwada, kibiya ta ce hagu. Maimakon ya ja Yaya gefe, sai ya bari muna cin abinci ya ce wai ashe shekara da shekaru katangar maƙwabci ake ja mu muna kallo."

"Haka ya faɗa?"

"Yana dariya ma. Yaya ya ajiye cokali, bai ƙara loma ba. Da la'asar suka tsaya, liman ya miƙe sak, mamu ya karkace. Da aka je sujada kawuna suka gwaru. Ina ɗaki na ji ƙarar, na zaci kofi ne ya faɗi."

Auta ta toshe baki da mayafi. Mama ma ta murmusa, amma murmushin bai daɗe ba.

"Tun ranar kowa tasa yake yi. Yanzu kuma Yaya ya kira ɗansa Dogo ya zo ya ɗauke shi ranar Asabar. Ya ce ba zai zauna a gidan da ake ganin ya karkatar da sallar mutane ba. Auta, in mutumin nan ya fita, ubanki ba zai yi wata ba sai ya kwanta. Shi ma Yayan, wa zai kula shi a can? Dogo yana asibiti wurin aiki, matarsa tana makaranta. Bango zai riƙa yi wa musu."

A wurin shan shayi Auta ta zauna a ƙasa tsakanin kujerun biyu, ta gane an ba ta sabon muƙami ba tare da an tambaye ta ba.

"Auta," in ji Baffa, "ce wa A-Gwada ya miƙo sukari."

Sukarin yana kusa da gwiwar Baffa fiye da ta Baba. Ta miƙa masa.

"Auta," in ji Baba, "ce wa Liman likita ya hana shi cokali na biyu."

"Ce masa wayarsa ta auna min."

Baba ya gyara zaman tabarau. "Yauwa, gara da aka taɓo maganar. Ke kin yi karatun awo, kin san lissafi ba ya son kai. Zo ki gani da idonki."

Ya tashi ya nufi keken ɗinkin Mama da ke ƙarƙashin taga, tsohon keke mai jikin ƙarfe wanda aka ɗaura wa injin lantarki. Ya share teburinsa da hannun riga, ya kwantar da wayar daidai gindin injin, a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Ka'idar gwaji ita ce kada ka sauya wuri," ya ce da muryar aji. "Na bi gidan nan kaf da kofin ruwa, ban sami wurin da ya kwanta daidai kamar teburin nan ba. Kullum nan nake ɗorawa, safe da yamma, kullum kuma amsa ɗaya. Duba."

Kibiyar ta yi rawa, ta tsaya tana nuna firji.

Auta ta dubi wayar, ta dubi injin. Abu na farko da aka koya musu a fili shi ne ka nisanta kamfas da ƙarfe, balle injin da ke da maganaɗisu a cikinsa. Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Sai ta ga yadda Baffa ya tsura mata ido ta saman kofi, ta ga yadda Baba ya harɗe hannu yana jiran a yaba, ta haɗiye. In ta faɗa a nan, ta kunyata ubanta a gaban yayansa, a kan abin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane. Kuma ba a nan matsalar ta tsaya ba. Ta san taswirar layinsu kamar tafin hannunta, ta san bangon da Baffa yake kallo shi ma bai zauna daidai ba.

"To?" in ji Baba.

"Ɗauko na'urarku ta ofis, mai ƙafa uku," in ji Baffa. "Duk abin da kika ce, ni na yarda. Ke ba ki iya ƙarya ba, ko magana ma ba ki iya ba."

"Zan makara," Auta ta ce, ta ɗauki jakarta.

Ranar ba ta yi aikin kirki ba. Ta zauna gaban kwamfuta tana jan layi tana gogewa. Ita dai tun tana ƙarama in manya suna magana ƙafafunsu take kallo, shi ya sa ta san takalman kowa a dangi. Yanzu an ce ta yanke hukunci tsakanin mutum biyu da suka goya ta. Duk wanda ta ce ya yi kuskure, daga bakin 'yar cikinsa zai ji, kuma ba zai manta ba. Alƙali take nema wanda ba ɗan kowa ba ne, wanda in ya kayar da tsoho, tsohon ba zai ji an raina shi ba.

Wajen azahar, tana kallon inuwar sandar tuta a harabar ofis, wani darasi na jami'a ya faɗo mata. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba. A wannan lokacin duk wanda yake ganin rana, in ya fuskance ta, ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar duk abin da ke tsaye tana kwance a kan layin. Ta duba kalanda da sauri. Ranar tana cikin mako mai zuwa, da hantsi.

Da ta koma gida ta tarar da Baffa zaune a bakin gado, tsohuwar akwatinsa a buɗe, yana ninke riguna. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ya ɗago.

"An aiko ki ne?"

"A'a, Baffa. Tambaya na zo yi. Da babu agogo, da me kuke gane azahar?"

Ya ajiye rigar. "Da inuwa mana. Ka kafa sanda, ka zuba mata ido. Tana raguwa, tana raguwa, in ta tsaya ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali. Wanda ya koya min kiran salla bai taɓa ɗaura agogo ba."

"To inuwar tana nuna alƙibla ma."

Ta yi masa bayani, tana kallon ƙafar gado. Ya saurara har ta gama, yana shafa gemu.

"Wato rana da kanta take zuwa ta tsaya a kan Ɗakin?"

"Eh, Baffa."

"Ikon Allah. Kuma 'yan boko sun yarda da haka?"

"Su suka lissafa lokacin."

"To ai ba su suka ɗora ta a wurin ba." Ya daina shafa gemun. "Auta, ba kibiyar ce ta ɓata min rai ba. Goggonki, matata, a bayana ta yi sallarta ta ƙarshe, a falon nan, a zaune. Shi kuma ya buɗe baki yana dariya ya ce katanga na sa ta kalla."

Auta ta ci gaba da kallon ƙafar gado. Can ya rufe akwatin.

"Rana ba ta bokon kowa ba ce. Na yarda da ita. Kira Dogo ki ce ya bari sai ranar. Amma ya zo da motar."

Baba bai ba ta wahala ba. Tun kafin ta ƙarasa ya ɗauko lemo da tocila yana nuna mata abin da ita ta zo gaya masa.

"Lissafi ne tsantsa. Me ya sa ban tuna ba? Madalla. Rana za ta tabbatar da waya, kowa ya huta."

"In kuma ba ta tabbatar ba, Baba?"

"A gwada a gani," ya ce, yana ɓare lemon.

Ranar ta zo da hadari. Tun safe sama ta yi toka-toka, Auta tana ta leƙa taga. Ta ɗaura kwaɗon ƙofa a bakin zare mai kauri, ta rataye shi a ƙarfen labule, ya sauko ya tsaya cak dab da ƙasa. Mama ta kawo allin ɗinkinta da doguwar sandar awon yadi. Dogo, babban ɗan Baffa, ya iso da kayan aikinsa na jinya a jiki, ya gaida kowa a sunkuye saboda ƙofar gidan ba ta taɓa isarsa ba. Baffa ya sa shi ya fito da akwatin, ya tsaya da ita a bakin falo.

"Wai me ake jira?" ya raɗa wa Auta.

"Rana."

"Ni da aka ce in zo in ɗauki tsoho?"

"Yaya Dogo, don Allah ka tsaya kawai."

Tsofaffin biyu suka zauna a kujerunsu, kowa yana kallon zaren don kada ya kalli ɗan'uwansa. Baba yana duba agogo, yana duba sama.

"Masu hasashen yanayi sun ce zai washe," ya faɗa wa firji.

"Su suka ce jiya za a yi ruwa," Baffa ya faɗa wa bango. "Mamanku ta kwashe shanya a banza."

Lokaci ya matso, sama ba ta da niyya. Baba ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Daga ƙarshe ya juya gaba ɗaya.

"Yaya, kai ne gwanin addu'a. Ga aiki ya samu."

Wannan ce maganar farko da ya yi masa kai tsaye tun ranar gwaruwar kawuna. Mama ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa.

"Au, yau kuma ana bukatarmu?" in ji Baffa. "Ba ka da maɓallin kore hadari a wayar?"

"Ban biya kuɗinsa ba."

Baffa ya so ya daure, gefen bakinsa ya ci amanarsa. Ya ɗaga hannu ya yi 'yar gajeriyar addu'a, kowa ya shafa, har da Baba. Auta ta san ko yau ta ƙi, gobe ma kusan daidai ne, amma ba ta ga amfanin faɗa ba.

Hadarin bai washe ba, ya dai tsage. Haske ya zubo ta taga ya kwanta a kan tayil, a tsakiyarsa siririyar inuwar zare, baƙa, miƙaƙƙiya.

"Yanzu," in ji Baba, idonsa a kan agogo.

Auta ta durƙusa ta ɗiga alli a farkon inuwar da ƙarshenta. Ta aza sandar Mama a kansu ta ja layi, ta ƙara tsawonsa har tsakiyar falo, tsakanin dardumomin biyu. Tana ɗagowa hasken ya ɗauke.

Kowa ya matso. Layin ya bar dardumar Baffa ta hagu, da kamar faɗin tafin hannu a wajen kai. Dardumar Baba kuwa ta yi masa nisa, sai ka ce ba unguwa ɗaya suke ba.

Dogo ya sauya wa akwatin hannu.

"Ba zai yiwu ba," Baba ya ce a hankali. Ya je ya kwantar da wayar a gindin injin keke. Kibiya ta nuna firji. "Kun gani? Kullum amsa ɗaya. Gwajin da aka maimaita ba ya..." Ya tsaya. Ya dubi layin alli. Fuskarsa ta yi wani irin laushi da Auta ba ta taɓa gani ba, ta ji tausayinsa ya kama ta.

"Baba," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama, ta sake. "Baba, ɗauke ta daga kan keken. Ka taho da ita nan tsakiya."

Ya dube ta, ya ɗauki wayar a tafin hannu, ya tako. Da kowane taku kibiyar tana juyowa dama, kamar akuyar da ake ja da igiya. Da ya iso tsakiyar falo ta kwanta a kan layin alli ta yi shiru. Ya koma wurin keke, ta koma firji. Ya dawo, ta dawo.

Sai Baba ya zauna a hannun kujera ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya cire tabarau yana share ido.

"Maganaɗisu," ya ce. "Injin keke. Ni da na kori yaro daga aji saboda ya ajiye kamfas kusa da ƙusa. Yaya, zo ka ga abin mamaki. A cikin injin nan akwai..."

"Na ji," in ji Baffa. "Wato wata guda kana sallar keken ɗinki."

"Kada ku sa kekena a ciki," in ji Mama. "Shi bai ce a bi shi ba."

Baba ya mayar da tabarau. Dariyar ta sauka, ya zo ya tsuguna a gaban yayansa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yaya, bakina ya yi gaba da hankalina ranar nan. Ka yafe min. Ban tuna wa da wa suka tsaya a bayanka ba."

Baffa ya sunkuyar da kai. Layin yake kallo, da ɗan tazarar da ke tsakaninsa da koriyar darduma.

"Ni ma ga nawa," ya ce. "Bango na bi, ban taɓa tambayar wa ya gina shi ba. Magini ne limaminmu ashe." Ya sa ƙafa ya tura kan dardumar har ta hau layin. "Tashi, kada gwiwarka ta zama irin tawa."

"To sallolin baya fa?" Baba ya tambaya, kuma da gaske yake.

"Kai zato kake Allah ma'aikacin ofishin su Auta ne, da zai zo da sandar awo? Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya fuskanci inda ya yi imani nan ne, sallarsa ta yi. Ta Goggonsu ta yi, tawa ta yi. Har taka ta firji."

"Ka tabbata har tawa?"

"Ita ce dai na ɗan yi shakka."

Baffa ya juyo ga Auta, ya ƙura mata ido. "Ke kuma, tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai tana murza allin a yatsu.

"Tun ranar shayi," in ji Mama. "Na ga ta haɗiye magana har wuyanta ya motsa."

"Kin kyauta," in ji Baba. "Amma a kimiyyance, ba a ɓoye sakamako."

"A addinance ma," in ji Baffa. "Sai dai an yafe wa mai kunya."

Baba ya riga ya koma kan layin, yana bin sa da ido a karkace. "Alli zai goge. A samo fenti. Kuma gwaji ɗaya ba gwaji ba ne, hasken bai daɗe ba. Auta, yaushe ranar za ta sake tsayawa?"

"Nan da wata ɗaya da rabi da 'yan kwanaki, Baba."

"Sai mu maimaita. A tsakar gida wannan karon, da sanda."

"Da zare dai," in ji Baffa. "Sanda sai ka tabbatar ta miƙe, kai kuma idonka ya fara karkata. Ni zan rataya shi da kaina. Kai ka riƙe agogo, shi ne ka iya."

"Yaya, kai da ba ka iya tsayuwar minti biyar?"

"A fito min da kujera mana. Rana ta hana zama ne?"

Suka duƙufa a kan layin, kai kusa da kai, ɗaya yana cewa fenti fari, ɗaya yana cewa fari zai yi datti. Mama ta tafi ɗora ruwan shayi. Auta ta miƙe tana kaɗe alli daga siket, sai suka haɗa ido da Dogo. Ya dubi ubansa, ya dubi akwatin da ke hannunsa. Ya shiga ɗakin da ke jikin falo a sunkuye, ya fito hannu wofi. Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota, ya riƙe shi a dunƙule don kada ya yi ƙara, ya zura takalmansa ya fita, ya jawo ƙofar a hankali.